Injiniya Ya Sa Wa Tafiyarmu Leda

Maigidana ba injiniya ba ne. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji ana kiransa Injiniya a unguwa ya ɗauka akwai wata gada da ya gina. Shagon fotokwafi gare shi a ƙofar gidanmu. Sunan ya samo asali ne ranar da injin kwafinsa ya cije takarda, ya ɗirka masa tafin hannu a gefe, injin ya tashi. Tun daga ranar ya fara jera biro uku a aljihun gaba.

A cikin shagon akwai wani ƙaramin inji da yake ji da shi fiye da yadda yake ji da ni, wato injin da ke gasa takarda cikin leda don kada ruwa ko datti ya taɓa ta. Duk abin da ya shigo gidanmu, muddin yana da faɗi, sai ya bi ta bakin injin nan. Katin asibiti, takardun haihuwar yara, jadawalin aikina, kalandar bara. Akwai ranar da na bar masa 'yar takarda cewa abincinsa na cikin kula, na dawo na tarar da ita tana sheƙi. Shekara ashirin da takwas ina haƙuri, don ban ga wanda ledar ta kashe ba.

'Yarmu ta fari tana aure a wata ƙasa, a wani gari da ke bakin tafki, can bayan duwatsu. Ta haifa mana jikarmu ta farko, yarinya har ta kai wata bakwai ban taɓa ɗaukarta ba, sai dai in ga hotonta a waya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum 'ya'yan mutane nake ɗauka, tawa jikar kuwa ban san nauyinta ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Da ƙyar da roƙo da musayar aiki na samu hutun kwana goma sha biyu. Akwai doguwar mota da ke tashi daga tasha kowace safiya, ta kwana ɗaya a hanya, ta sauke mutum a bakin tafkin. Kwana biyu zuwa, biyu dawowa, takwas ina rungume da jikata. Abin da nake so ke nan, ba ƙari.

Da na gaya wa Injiniya, sai ya cire tabarau ya dube ni kamar na zage shi. Wai yana da mota a ajiye, a ce matarsa ta shiga ta haya a matse ta tsakanin buhuna? Surukinsa ya gan mu mun sauko muna ɗingishi? Shi zai tuƙa mu da kansa, daga ƙofarmu har ƙofarsu. Na tuna masa cewa tafiya mafi nisa da motar ta taɓa yi ita ce gidan ƙanwarsa, kuma ranar ma turo ta aka yi rabin hanya.

"Wannan rashin shiri ne, Gimbiya," in ji shi. "Tafiya ba mota ke yinta ba, tsari ke yinta."

Duk ranar da ya kira ni Gimbiya, na san akwai wahala a gaba.

Ya sayo taswira, ya ce ta yi wa babban aiki ƙanƙanta. Ya ƙara mata girma a injin kwafi, ya sake ƙara wa kwafin girma, har ta zama fallaye arba'in da takwas. Ya sa wa kowanne leda, ya liƙe su a bangon falo tun daga ƙofa har bayan talabijin. Sannan ya gayyato abokan zamansa biyu na bencin ƙofar shago. Ɗaya shi ne Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota kafin ciwon gwiwa ya ajiye shi. Ɗayan kuma Ofisa, wanda ya yi ritaya daga aikin kan iyaka, amma har yau ko takardar magani ka miƙa masa sai ya ɗaga ta sama ya haska.

Injiniya ya ɗauki sandar tsintsiyata ya tsaya gaban bango. Ya sanar da su cewa ya gano abin da direbobin haya suka daɗe suna ɓoye wa jama'a: tafkin ba a bayan duwatsu yake ba, a gabansu yake. Ba sai an hau komai ba. Awa shida an isa.

Direba ya matso ya ɗora yatsa kan hanya, ya bi ta a hankali. Hanyar ta yanke a tsakiyar wani falle, sai can kusa da agogon bango ya sake samunta.

"Injiniya, ka musanya layin fallaye biyu. Tafkin nan na sama ne, kai ka sauko da shi."

"Ka tabbata ba masu bugawa ne suka yi kuskure ba?"

"Na bi hanyar nan ya fi sau ɗari biyu. Ban taɓa tarar da tafkin ya taso tarye na ba."

Ofisa ya ƙara da cewa a yadda taswirar take, iyakar ma ta ratsa tsakiyar ruwa har sau biyu, kuma ya gode wa Allah da ba a taɓa tura shi aiki can ba. Injiniya ya ce da ma gwada su yake yi. Ya ɓamɓaro fallayen, fentin bangona ya biyo su, aka mayar da duwatsu inda Allah ya ajiye su.

Da a nan aka tsaya da na tsira. Amma Direba bakinsa ya riga ya buɗe. Ya shiga ba da labarin yadda hanyar take nannaɗe kamar hanji, yadda mota ke haki a wurin hawa, yadda sanyin saman dutse ke shiga har ƙashi, da ruwan da ke tsugewa ba sallama. Injiniya yana gyaɗa kai yana rubutawa. Kafin su fita ya yanke hukunci: duk wata wahala da ke kan hanya sai ya gwada ta a gida tukuna, don kada ta zo masa a baƙuwa.

Ranar farko ta hutuna na fito da jakata a ɗaure. Ya ce in mayar, yau ranar gwajin hawa ce. Tudu ɗaya tal muke da shi a unguwa, hanyar da ta hau zuwa tankin ruwa. Ya aro buhunan siminti shida wurin mai bulo, ya sa huɗu a but ɗin bayan mota a madadin kaya. Sauran biyun ya ɗora su a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaure su.

"Waɗannan biyun fa?" na tambaya.

"Ke ce."

"Ni ce buhu biyu?"

"Na ma rage, don girmamawa."

Na ce Allah ya kai ka lafiya, kai da matarka. Motar ta hau rabin tudu, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ya ja birkin hannu, birkin ya biyo hannunsa. Sai mota ta fara dawowa da baya, ba sauri, cikin natsuwa kamar ta tuna ta manta wani abu a gida. Injiniya ya zuro kai ta taga yana gaya wa mutane su kwantar da hankalinsu, gwajin saukowa ne. Ta bi ta kan igiyoyin mai wanki ta yafo zannuwan gado uku, ta ture kwandon mai kayan miya, ta je ta zauna da gindinta a cikin kwata daidai ƙofar mai aski. Buhu ɗaya daga cikin waɗanda suke ni ya fashe. Injiniya ya fito fari fat, idanu kawai ke motsi. Mai aski ya dube shi ya ce ashe tafiyar na da nisa haka, ga shi har ya yi furfura.

Bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya ce kwana huɗu, in an samu kayan gyara.

Na ce to shi ke nan, gobe zan bi doguwar mota. Injiniya ya dafa ƙirji, siminti ya tashi. Ya ce duk unguwa ta ji cewa shi zai kai ni, in na shiga motar haya da wane ido zai zauna a benci? Ya ce in ba shi kwana huɗun nan kawai, shi ma fa jikarsa ce. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta karya ni. Na mayar da jaka ɗaki. Wautata ke nan, kuma ban ɓoye ta ba.

Da yamma 'yarmu ta kira tana tambaya ko mun taso. Na ce babanki na tsari. Ba ta yi mamaki ba, don a gidan ta tashi, sai ta ce yarinya ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai baki. Ina jin gwarancinta ta cikin wayar, har sai da na juya wa Injiniya baya don kada ya ga idona.

Washegari ya ce tunda mota na asibiti, ba za a zauna haka ba, za a yi gwajin sanyi. Ya sa rigunan sanyi uku, ya ɗora rigar ruwata, ya zura safa a hannu, ya nufi wurin mai ƙanƙara a bakin kasuwa. Mutumin yana da ɗakin sanyi inda yake jibge ƙanƙararsa. Injiniya ya shiga da kujera da agogo, ya ja masa kunne sosai.

"Komai bugun da na yi kada ka buɗe. Dutse ba shi da ƙofa."

Mai ƙanƙara mutum ne mai riƙe amana. Minti goma Injiniya ya fara bugu. Mutumin ya ce daga waje, ka yi haƙuri ranka ya daɗe, kai ka ce. Ya ƙara bugu, ya yi kira, ya yi magiya, ya rantse cewa ya janye maganar. Mai ƙanƙara ya ce shi ma ya san wannan duk cikin gwajin ne, ya tafi kai wa masu lemo kaya. Awa ɗaya da rabi Injiniya ya yi a ciki. A baro aka kawo mini mijina, haƙoransa na kaɗawa, mutanen kasuwa na biye suna yi masa sannu da zuwa daga duwatsu.

Kwana uku yana kwance da mura da zazzaɓi. Na bar asibiti don in huta da marasa lafiya, sai ga shi na buɗe reshe a ɗakina. Kuma ban taɓa samun majinyaci mai surutu irinsa ba. Ina ba shi magani yana gaya mini cewa yanzu jikinsa ya san sanyi, in mun hau dutse ni ce abin tausayi.

Ranar kwana na shida mota ta dawo, shi ma ya miƙe, hanci jajir. Na tsaya a gabansa na ce gobe da safe zan tafi, da kai ko ba kai. Ya ce ya yarda, saura abu ɗaya, gwajin tsallake iyaka, yau da la'asar za a gama. Ya ce kuma yana da wani abin mamaki da zai nuna wa jama'a. Ya shige shago ya kulle kansa tun hantsi. Ina jin warin leda mai zafi na shigowa ta tagar kicin, amma ban kawo komai a raina ba, don wannan wari shi ne turaren gidanmu.

Da la'asar aka ɗaura igiya ta tsallaka titinmu. Aka kafa tebur a gefenta, Ofisa ya zauna a kai da tsohuwar hularsa ta aiki da hatimin kwanan wata na shago. Kafin ka ce me, unguwa ta fito. Mata a ƙofofi, mai wanki da mai kayan miya a sahun gaba don su ma suna da haƙƙi a tafiyar, mai aski ya taso da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. A kan tebur akwai bokiti cike da ruwa. A ƙasansa, kan 'yar kujera, an jawo doguwar waya daga shago an kunna injin leda yana ɗumi.

Injiniya ya tuƙo mota daga ƙofar gida zuwa igiya, tafiyar da ba ta kai taku ashirin ba, da tif ɗin taya a ɗaure a saman mota saboda tafki. Ya fito ya gyara murya. Ya ce babban maƙiyin matafiyi ba ɓarawo ba ne, ruwa ne. Ruwan sama a kan dutse, ruwan tafki a ƙasa. Mutum nawa ne takardunsu suka jiƙe suka rasa hanyar gida? Amma shi ya kawo ƙarshen wannan matsala. Sai ya zaro wani abu daga aljihu ya ɗaga.

Da farko ban gane shi ba. Ya yi kauri, yana walƙiya, da zoben roba baƙi a gefensa irin wanda yake sa wa littattafan ɗalibai. Ashe fasfonsa ne. Ya warware ɗinkin da reza, ya raba shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya gasa kowanne cikin leda, ya huda gefen, ya zura zobe. Ya tsoma shi cikin bokiti, ya ƙirga goma da ƙarfi, ya ciro. Ruwa ya zurare, fasfo a bushe. Wasu har sun tafa.

Ofisa bai tafa ba. Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗaga shi sama ya haska, ya daɗe yana kallon hudar da ta cinye rabin lambar.

"Mene ne wannan?"

"Fasfo ne. Ingantacce."

"Da dai fasfo ne."

Ya buɗe shafi ɗaya ya danna hatimi. Tawada ta zauna a kan leda tana ƙyalli. Ya shafa babban yatsa a kai, ta tafi gaba ɗaya. Ya sake dannawa, ya rufe, ya buɗe, kwanan watan ya koma ɗaya shafin a birkice.

"A ina kake so su buga maka hatimi, Injiniya? A goshi?"

Aka fashe da dariya. Ofisa ya ce shi dai ba dariya yake ba. Ya yi shekara ashirin da shida a bakin iyaka, ya ga fasfon da akuya ta ci, ya ga wanda aka wanke da wando, amma bai taɓa ganin wanda mai shi ya yi wa fiɗa da hannunsa ba. In ya kai wannan abu iyakar gaske, ba wucewa ba, ko dawowa gida sai ya yi dogon bayani. Sabo kuwa sai ya jira makonni.

Wani mai hankali da ya yi shiru. Injiniya ya ce matsalar tawadar ce, ta tsufa, ta zamani za ta kama. Ya ce kuma jama'a ba su ga yadda ake aikin daga farko ba, shi ya sa suke shakka.

"Bari in nuna muku da na Gimbiya."

Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya zaro fasfona, ya zaro reza.

Shekarata hamsin da biyu, kuma a lissafin mijina buhu biyu ce ni. Amma mutanen unguwa har yau suna ba da labarin gudun da na yi. Na ratsa mata, na ture mai rabin aski, na tsallake igiyar iyaka ba tare da na nuna wa kowa takarda ba. Rezar ta riga ta taɓa zaren farko lokacin da na fizge fasfon daga hannunsa. Ƙuguna ya daki tebur, bokiti ya yi tangaɗi ya kife kan injin leda. Inji ya yi tartsatsi, ya yi wata 'yar ƙara, hayaƙi ya tashi, ya mutu.

Injiniya ya durƙusa gaban injinsa, ruwa na ɗiga daga bakin injin. Direba ya dogara sandarsa ya leƙo.

"Shi ba ka sa masa leda ba?"

Nan fa aka rasa mai iya tsayuwa don dariya. Mai kayan miya har da zama a ƙasa. Ofisa ya karɓi fasfona ya duba shi shafi shafi, ya ce zare ɗaya ne ya yi rauni, zai wuce. Ya sauke igiya ya sara mini, ya ce ni in wuce, shi kuma wancan a tsare shi.

Da safe Injiniya ya ɗauki jakata ya raka ni tasha. A motar haya muka je, don tasa ta ƙi tashi. Babu biro ko ɗaya a aljihunsa, kuma tun daga gida bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu. Kwana shida suka rage mini, huɗu na hanya, biyu kacal na jikata. Ina cike da haushinsa, na yi niyyar ko sallama ba zan yi masa ba.

Har na zauna a doguwar mota sai ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya miƙo mini wani abu ta taga. Hotonsa ne, wanda ya ɗauka da tabarau da biro uku, an rufe shi cikin leda. Ledar ta ɗan tattare a gefe, kusurwa ɗaya ta ƙone. Da dutsen gugata ya yi aikin.

"Ki nuna mata," ya ce. "Ki ce kakanta ne. Ki ce tsari ne ya riƙe shi."

Haushin bai tafi ba, amma tausayi ya zo ya zauna kusa da shi. Na karɓa na sa a jaka.

Duwatsun suna nan inda Direba ya ce, hanya a nannaɗe, sanyi daidai na rigar sanyi ɗaya. A iyaka aka buga mini hatimi, ya zauna daram. Da muka gangaro sai ga tafkin a bayansu, shimfiɗe, ga 'yata a bakin tasha da yarinya a kafaɗa. Na karɓe ta. Ta fi yadda nake zato nauyi, na yi ta kuka ban ji kunyar kowa ba.

Da muka isa gida na ciro hoton na ce ga kakanki. Ta ƙura masa ido, ta damƙe shi da hannu biyu, ta kai baki. Duk wanda ya yi ƙoƙarin karɓa sai ta tsala ihu. Tana cikin haka Injiniya ya kira. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi duwatsu ba.

"Ta gan ni?"

"Ta gan ka. Tun ɗazu take cin kunnenka, duk ta jiƙe ka da yawu."

Ya kasa kunne yana sauraron gwarancinta.

"Ledar ta ɓare?"

"Ba ta ɓare ba."

"To, kin gani," in ji shi. Sai na ji yana fyace hanci, ya ce murar ce ba ta gama sakinsa ba.